Tambaya kan littafin Aves sin nido: sukar addini ne ko kukan waɗanda aka danne?

Ɗalibar Adabi ta rubuta:

Assalamu alaikum malamaina da sauran 'yan'uwa. Ina neman ƙarin haske game da wani ƙagaggen labari na ƙasar Peru mai suna Aves sin nido, wato tsuntsaye marasa sheƙa, wanda Clorinda Matto de Turner ta wallafa a shekarar 1889 cikin harshen Sifaniyanci. Labarin yana gudana ne a wani ƙauye da marubuciyar ta ƙirƙira a tsaunukan Andes, ta sa masa suna Killac, inda fadan cocin Katolika da gwamnan gari da alƙali suka haɗa baki suna tatsar 'yan asalin ƙasar masu magana da harshen Kecuwa, har ta kai ga wani magidanci mai suna Juan Yupanqui da matarsa Marcela sun rasa rayukansu saboda sun kai kukansu ga wasu baƙi masu hali da ke zaune a garin.

Na karanta shi a fassara, kuma abubuwa biyu sun tsaya mini a rai. Na farko, shin wannan littafi sukar addinin Kirista ne aka lulluɓe da labari, tunda hukumomin coci sun haramta karanta shi? Na biyu, wanda ya fi damuna, shi ne mutanen da aka ce dominsu aka yi rubutun ba su da wani kataɓus a cikinsa. Suna kuka, suna roƙo, suna mutuwa, amma duk wani yunƙuri na ceto daga hannun baƙin nan, Don Fernando Marín da matarsa Lucía, yake fitowa. Ya dace a kira irin wannan rubutun gwagwarmaya, ko kuwa tausayi ne kawai na wanda abin bai shafa ba?

Malam Mai Tarihi ya rubuta:

Wa alaikumus salam, 'yata. Zan ɗauki tambayarki ta farko, amma kafin a je ga batun coci sai an san halin da Peru take ciki lokacin da aka rubuta littafin. Ƙasar ta ayyana 'yancin kanta daga Sifaniya a 1821, kuma shugaba Ramón Castilla ya soke harajin da ake ɗora wa 'yan asalin ƙasa a 1854, amma a ƙauyukan tsaunuka ba abin da ya sauya sai sunayen masu karɓa. Daga nan aka gwabza yaƙi da Chile daga 1879 zuwa 1883, Peru ta sha kashi, har sojojin Chile suka mamaye Lima. Wannan kunya ce ta sa masu ilimin ƙasar suka shiga tambayar kansu yadda aka yi ƙasa mai yawan jama'a ta faɗi haka. A 1888 aka karanta wani jawabi na Manuel González Prada a gidan wasan Politeama da ke Lima, inda ya ce ainihin Peru ba 'yan tsirarun da ke bakin teku ba ne, dubban 'yan asalin ƙasa ne da ke warwatse a tsaunuka, kuma ya ambaci mutum uku da ke danne su: alƙalin ƙauye, da gwamnan gari, da fada. Shekara ɗaya bayan haka Clorinda Matto ta ɗauki waɗannan ukun ta ba su suna da fuska da gida. Kada kalmar gwamna ta ruɗe ki, domin muƙamin Sebastián Pancorbo na cikin labarin bai wuce na mai riƙe da ƙaramin gari ba.

Abin da ya ba littafin nauyi shi ne marubuciyar ta san yadda ake zaluncin dalla-dalla. An haife ta a Cusco a 1852, ta tashi tana jin Kecuwa, kuma bayan ta auri wani Bature ɗan Ingila mai suna Joseph Turner a 1871 ta zauna shekaru a garin Tinta, yankin da tawayen Túpac Amaru na biyu ya ɓarke a 1780. A lokacinta ulun tumaki da na dabbar alfaka shi ne arzikin kudancin Peru, ana tara shi a Arequipa ana fitar da shi zuwa masaƙun Ingila. Ki duba yadda ta bayyana cinikin a farkon littafin. Wakilin ɗan kasuwa zai zo bukkar makiyayi ya ajiye kuɗi ko mai gida ya yarda ko bai yarda ba, har ma mutane sukan gudu su bar gidajensu idan sun ji yana tafe, shi kuwa ya ɓalle ƙofa ya ajiye ya wuce. Bayan shekara ya dawo da 'yan rakiya da ma'aunin da aka yi wa ha'inci, ya kwashi ulu ninkin abin da ya dace a kan farashin da shi kaɗai ya yanka, idan ulun bai kai ba ya kora dabbobi ko ya ɗauki yaro. Ya yi kama da bashin falle da manomi kan ci kafin kaka ya biya da damman hatsi, sai dai shi mai cin falle da ƙafarsa yake zuwa nema, wannan kuwa jefa masa ake yi. Ta wannan hanya aka ɗauke Rosalía, ƙaramar 'yar Juan, sai da Don Fernando ya shiga tsakani aka maido ta.

A ɓangaren fada kuma, Marcela ta shaida wa Lucía cewa da surukarta ta rasu, Fada Pascual Vargas ya riƙe dankalin da suka noma a madadin kuɗin jana'iza da addu'o'i, sannan ga shi lokacinta ya zo na shiga gidan fada ta yi aikin tilas da ake karɓa-karɓa tsakanin matan ƙauye, aikin da ta ce matan da suka shiga sukan fito kansu a sunkuye. Marubuciyar ba ta ƙara bayani a wurin ba, kuma ba ta buƙatar ƙarawa.

To amma ki lura da inda ta nufa da kibiyarta. Ba ta taɓa aƙida ba, ba ta yi wa Almasihu ko Linjila izgili ba, hasali ma da ma'aunin addinin nasu take auna fadan ta nuna mai dokar barci ne ya ɓuge da gyangyaɗi. A gabatarwar littafin ta faɗi abin da take so a fili, ciki har da a bar fadoji su yi aure, domin a ganinta hana su aure ne ke jefa matan ƙauye cikin haɗari. Matar da daga baya ta fassara littattafan Linjila zuwa Kecuwa a farkon ƙarni na 20 ba za a ce tana yaƙi da addinin ba. Kuma kukan da ta yi yana da asali a cikin cocin kanta, tunda Bartolomé de las Casas, wanda ya wallafa bayanin ta'asar da aka yi wa 'yan asalin nahiyar a 1552, shi ma malamin Katolika ne. Saboda haka nake jan hankalin masu karatu a nan kada wani ya ɗauki littafin ya mai da shi sandan dukan addinin maƙwabcinsa. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Baƙon Zazzau ya rubuta:

Allah ya ƙara wa Malam lafiya, bayanin ya gamsar a kan tambaya ta farko. A kan ta biyu kuwa ina tare da ƙanwata, kuma ina ganin ma ta yi wa littafin sassauci. A duba mafitar da labarin ya kawo. Bayan manyan gari sun sa an kaɗa ƙararrawar coci cikin dare an tara jama'a da ƙaryar cewa ɓarayi sun ɓuya a gidan Marín, aka far wa gidan, Juan ya mutu yana kare masu taimakonsa, Marcela ta bi shi sakamakon raunin da ta samu. Sai me ya biyo baya? Iyalan Marín suka ɗauki marayun biyu, suka ga Killac ba wurin zama ba ne, suka kama hanyar Lima. Wato maganin zaluncin shi ne a cire yara biyu daga cikin mutanensu, a sa musu tufafin birni, a koya musu zaman birni, sauran ƙauyen kuma a bar su inda aka same su. Ko Margarita, babbar cikin marayun, wadda labarin ya fi mayar da hankali a kanta, a ƙarshe an gano ba 'yar Juan ba ce.

Babban abin da ya ɓace a littafin shi ne ƙasar noma. Marubuciyar ta ɗauka matsalar ta lalacewar hali ce, idan aka samu fada nagari da gwamna mai ilimi sai komai ya daidaita. Marubuci ɗan Peru José Carlos Mariátegui ya rushe wannan tunani a littafinsa na maƙaloli bakwai na 1928, inda ya nuna cewa muddin gonaki na hannun 'yan tsirarun masu manyan gandaye, to fada da alƙali da gwamna za su ci gaba da zama yaran mai gandu ko da waliyyai aka naɗa. Shi ne kuma ya bambanta adabin da wasu ke rubutawa a kan 'yan asalin ƙasa da adabin da su kansu za su rubuta idan lokacinsu ya yi. Sai a 1969, zamanin mulkin soja na Juan Velasco Alvarado, aka yi dokar rabon ƙasa da ta karya manyan gandayen Peru, shekara 80 cif bayan fitowar littafin.

Wanda ke son ya ga bambancin ya karanta Huasipungo na Jorge Icaza, ɗan Ekwado, wanda ya fito a 1934. A can ma akwai fada da jami'in gari, amma an ƙara mai gandu, Alfonso Pereira, da wani ɗan kasuwa Ba'amurke, kuma an nuna a fili wanda ke juya wani. Babu baƙi masu kirki da za su kawo ɗauki. Akwai wurin da Andrés Chiliquinga, wani talaka ɗan asalin ƙasa, ya je neman a binne matarsa Cunshi, wadda ta mutu bayan yunwa ta sa sun ci ruɓaɓɓen naman sa da aka riga aka binne, sai fada ya zaga da shi maƙabarta yana nuna masa kaburbura kashi-kashi: na kusa da coci masu tsada, waɗanda ya ce masu su sun fi kusa da aljanna, da na can baya cikin ciyayi masu araha waɗanda ya tsoratar da shi game da makomar masu su. Talaka da gawar matarsa a gida ana yi masa cinikin lahira kamar ana sayar da fili. A ƙarshe mutanen suka tashi suna kare 'yan gonakinsu, sojoji suka zo suka murƙushe su. An ci su da yaƙi, amma aƙalla su suka yanke shawarar tashi. A Killac ba wanda aka ba wannan dama, alhali a zahiri mutanen Peru sun yi ta tayar da ƙayar baya, kamar yadda aka gani a Huaraz a 1885 ƙarƙashin Pedro Pablo Atusparia, shekara 4 kacal kafin littafin ya fito.

Hajiya Mai Littattafai ta rubuta:

Ɗan'uwa Baƙon Zazzau, ban musa maka batun ƙasar noma ba, amma kana auna rubutun 1889 da mudun 1934, kuma ka tsallake wurin da littafin ya fi kowane ƙarfi. Ka ce an gano Margarita ba 'yar Juan ba ce kamar wannan rauni ne a labarin, alhali nan ne tuhumar take. Manuel, saurayin da ke karatun lauya wanda ya tashi a gidan gwamna, ya bi iyalan Marín har masaukinsu a Arequipa domin neman auren Margarita, kuma don ya wanke kansa daga laifin gwamna ya bayyana cewa ba Pancorbo ne ya haife shi ba, mahaifinsa shi ne Bishop Pedro de Miranda y Claro, wanda ya taɓa zama fadan Killac. Ashe sunan da Marcela ta raɗa wa Lucía kafin ta cika ke nan a matsayin mahaifin Margarita. Mutum ɗaya ya taɓa mace mai gata da mace marar gata a gari guda, aka yi masa ƙarin girma, ana tunawa da shi da alheri, 'ya'yansa kuma suka tashi ba su san juna ba har suka kusa aure. Marubuta maza na zamaninta sun yi magana a kan haraji da ƙuri'a da makaranta, ita kuwa ta shiga ɗakin da ba su shiga ba.

Ka kuma manta da Isidro Champí, mai kaɗa ƙararrawa. Bayan harin, da aka ga dole a samu mai laifi, sai manyan gari suka ɗora masa, aka kulle shi, matarsa Martina ta yi ta zarya, masu cewa za su taimaka suka raba 'yan shanunsa a tsakaninsu. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Wannan ba zanen mugun mutum ɗaya ba ne, zane ne na yadda kotu da ofis ke aiki idan mai ƙara ba ya jin harshen da ake rubuta takarda da shi, kuma duk wanda ya karanta wannan sashe ya san marubuciyar ta ga irinsa da idonta.

Game da cewa tausayi ne na wanda abin bai shafa ba, 'yata, ki duba abin da ya same ta. A 1889 ta zama editar mujallar El Perú Ilustrado a Lima. A 1890 mujallar ta buga wani gajeren labari na marubucin Brazil, Henrique Coelho Netto, wanda hukumomin coci suka ɗauka ɓatanci ne ga Almasihu, kuma duk da ta ce ba da saninta aka buga ba, dama ce ta samu ga waɗanda ke jin haushin littafinta. Aka haramta karanta mujallar, aka fitar da ita daga coci, aka ƙona mutum-mutuminta a Arequipa da Cusco, aka sa littafin cikin haramtattu. Ba ta ja da baya ba, domin a 1891 ta sake fitar da wani labarin, Índole, wanda shi ma a kan fada mai cin amana ne, sannan ta kafa maɗaba'a da mata ke aiki a ciki. A 1895, da magoya bayan Nicolás de Piérola suka karɓe Lima daga hannun shugaba Andrés Cáceres wanda take goyon baya, aka wawashe gidanta aka lalata maɗaba'ar, ta yi gudun hijira zuwa Buenos Aires, can ta rasu a 1909 ba ta sake zama a ƙasarta ba. Ana iya cewa ganinta bai kai inda na Icaza ya kai ba, amma ba a ce ta rubuta daga inuwa ba.

Ɗan Garwa ya rubuta:

Gaisuwa ga Malam da Hajiya. Ƙarin da zan yi shi ne wannan salon bai tsaya a Peru ba. A Filifin, wadda ita ma Sifaniya ta mulka, José Rizal ya wallafa Noli Me Tángere a Berlin a 1887, kuma abin mamaki shi ne a can ma sirrin da labarin ya ɓoye har ƙarshe shi ne cewa Fada Dámaso ne ya haifi María Clara, budurwar jarumin. Marubuta biyu a ɓangarori biyu na duniya, shekara 2 tsakaninsu, sun faɗa kan ƙulli ɗaya, domin tsarin da suke kallo ɗaya ne: ƙauyen da fada ne ke riƙe da rajistar haihuwa da aure da mutuwa, shi ke jin asirin kowa, kuma jami'in gwamnati ba ya iya motsi sai da yardarsa. Bambancin shi ne Rizal ɗan ƙasar da aka mallaka ne, kuma hukumomin Sifaniya sun harbe shi a Manila ranar 30 ga Disamba 1896.

Mu ma a Kamaru muna da Mongo Beti, wanda a 1956 ya fitar da Le Pauvre Christ de Bomba a kan wani fada Bafaranshe a kudancin ƙasar da gidan da mishan ke tsare 'yan mata masu shirin aure ana sa su aiki. Abin da ya yi wanda Clorinda Matto ba ta yi ba shi ne ya ba wani yaro ɗan ƙasa, mai yi wa fadan hidima kuma mai ƙaunarsa, ragamar ba da labarin, ta yadda mai karatu ke gane ɓarnar da yaron ke gani bai fahimta ba.

Ɗalibar Adabi ta rubuta:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Maganar Yaya Ɗan Garwa ta dawo da ni kan abin da ke damuna. Malam, a cikin wannan dogon tarihi na Peru babu wani mai jin Kecuwa da ya faɗi wannan zalunci da bakinsa, sai dai kullum a faɗa a madadinsa?

Malam Mai Tarihi ya rubuta:

Akwai, 'yata, kuma ya riga su duka da kusan ƙarni 3, sai dai nasa ba ƙagaggen labari ba ne. Felipe Guaman Poma de Ayala, ɗan asalin Andes, ya kammala wata doguwar wasiƙa zuwa ga sarkin Sifaniya Felipe na uku wajen 1615, mai shafi kusan 1,200 da zane kusan 400 da ya yi da hannunsa, cikin Sifaniyanci gauraye da Kecuwa. A ɗaya daga cikin zanen ya sa talaka a tsakiya a durƙushe, dabbobi 6 sun kewaye shi, kowace da sunan wanda take wakilta: jami'in lardi maciji ne, mai gandu zaki, fada yanyawa, magatakarda kyanwa, har da basaraken gargajiya ɗan ƙabilarsu wanda ya zana a matsayin ɓera. Wannan na ƙarshe abin lura ne, domin marubutan da suka zo daga waje sukan manta cewa a cikin waɗanda aka danne ma akwai masu cin moriyar dannewar. Rubutun ya kwanta ba a san da shi ba sai a 1908 da aka gano shi a ɗakin karatu na masarautar Denmark a Copenhagen, aka buga shi a Paris a 1936, wato Clorinda Matto ta rubuta nata ba tare da ta san da shi ba.

A fagen ƙagaggen labari kuwa, wanda ya fi kusa da abin da kike nema shi ne José María Arguedas, wanda aka haifa a 1911. Ba ɗan ƙauyen Kecuwa ba ne ta wajen iyaye, amma a hannun barorin gida masu jin Kecuwa ya tashi bayan rasuwar mahaifiyarsa, da harshensu yake waƙa. A littafinsa Los ríos profundos na 1958, matan Abancay masu sayar da abin sha na masara ne suka fasa rumbun gishirin da jami'ai suka ɓoye, ƙarƙashin jagorancin Doña Felipa, suka raba wa talakawa har da ma'aikatan gandun Patibamba. Bayan an ƙwace gishirin, shugaban makarantar mishan, Fada Linares, ya je gandun ya yi wa ma'aikatan wa'azi da Kecuwa mai daɗi har suka durƙusa suna kuka. Wannan fadan ba mashayi ba ne, ba mai neman mata ba ne irin Pascual Vargas, mutum ne da garin ke ɗauka waliyyi, kuma aikin da ya yi wa mai gandu da wa'azi guda ya fi wanda sojoji suka yi. Idan za ki kwatanta littattafan a rubutunki, ki ajiye wannan wa'azi kusa da zuwan Marcela gidan Lucía, ki duba wa ke magana da Kecuwa a kowane wuri da kuma abin da yake nema da ita.